Yadda ɗiyata ta daina shara a lokacin waƙa

Ɗiyar fari ce, don haka ba za ku ji sunanta daga bakina ba. Sai dai tana da wani suna da nake kira ba tare da kunya ba, wanda ƴan uwanta kurame suka raɗa mata: a ɗora ɗan yatsa a kan haƙoran gaba, daidai inda wushiryarta take. Ashe sunan hannu ba ya cikin waɗanda ake ɓoyewa.

Sanƙarau ne ya tafi da jinta. A bazarar 2015, shekarar da cutar ta yi ɓarna a Yamai har aka rufe makarantun birnin na wasu kwanaki cikin watan Afrilu, tana da shekara 3. Ta kwanta asibiti, ta tashi, muka yi sadaka. Sai bayan kamar sati biyu wani faranti ya suɓuce mini a bayanta, kowa a tsakar gida ya zabura, ita kuwa ko gezau. Kafin ciwon yarinya ce mai surutu. Daga nan kalmomin suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har aka bar ta da "Inna" da "ruwa" da wasu ƴan kaɗan da mu kaɗai ke gane su.

Ta yi shekara huɗu a makarantar kurame, inda ta koyi maganar hannu da karatu, ni ma na riƙa bin ta ina tsintar abin da ya samu. Da muka tashi daga Bukoki zuwa wata unguwa ta bayan gari, zuwa can ya zama taksi biyu tafiya, biyu dawowa, kuɗin ya fi ƙarfin keken ɗinkina. Muka maida ta lakwal ɗin unguwa, don an ce mana akwai wata madam a ciki da ta samu horon maganar hannu, irin wanda ƙungiyar tallafa wa naƙasassu ta Handicap International ke shirya wa malamai. Ita ce ta riƙe ajinsu na CM1, wato aji biyar na firamare, da aka koma karatu a watan Oktoba na 2023.

Wannan shekarar kowa na tuna ta. A watan Yuni majalisa ta amince da sabon taken ƙasa, aka ajiye tsohon da ake rerawa tun 1961. A ƙarshen Yuli sojoji suka karɓi mulki, aka rufe mana iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Mutane na kukan zafi da tsadar shinkafa, mu a gidanmu akwai ƙari: in wuta ta ɗauke da dare, hira da yarinyar ta ɗauke ke nan, tunda hannu ba ya magana cikin duhu. Sai in kunna fitilar salula in jingina ta a bango, mu zauna gabanta kamar masu jin ɗumi.

Ƙanenta ne ya tona zancen. Na ga duk ranar Alhamis tana dawowa da ƙura har cikin gira, na tambaya, ya ce, "Ai Inna, in za su yi waƙa madam tsintsiya take ba ta, ta je ta share bakin aji." Na juya wajenta na tambaye ta da hannu. Ta amsa da alama uku, fuskarta ba yabo ba fallasa: waƙa, masu kunne, ni shara. Da kuka ta yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari na ɗaura mayafi na tafi a fusace, na tanadi maganganu tun daga gida. Ba su yi amfani ba, don matar da na tarar ba muguwa ba ce. Ita kaɗai ce a duk lakwal ɗin ta ɗauki wahalar koyon hannu, kuma tana fama da yara sun haura 70. Ta ce, "Hajiya, wallahi tausayinta nake ji. In bar ta zaune rabin awa tana kallon bakunan mutane? Shi ya sa na ɗauke mata." Ta nuna mini takardar maki, gurbin waƙa an ja masa layi. Na ce, "Madam, lissafin rabawa ma wuya yake mata, ban ga kin ɗauke mata shi ba." Ta yi shiru, sannan ta ce ita ba ta ƙi ba, amma ba ta san ta inda za ta fara ba, horon da aka yi musu bai taɓo waƙa ba ko kaɗan. Ta ce in ga mushe darakta.

Darakta ya saurare ni da ladabi, ya ce sai na kawo takardar likita sabuwa, wadda ke hannuna ta tsufa. A raina na ce kurumta dai ba ta tsufa, amma na ce, "To, ranka ya daɗe." Na yi sammako sau biyu kafin layi ya kai kanmu a sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Na ji haushin yawon, ga shi kuma takardar nan ita ta fi komai amfani daga baya, ko da yake ba ta hanyar da darakta ya nufa ba.

An sa ta cikin wani ɗan ɗaki, aka ɗora mata abin saurare a kunne, aka ce duk lokacin da ta ji wani abu ta ɗaga hannu. Da aka gama, likitan ya ga ina juya takardar sama da ƙasa, ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Daga hagu zuwa dama, sauti ne daga mai kauri zuwa siriri, daga rugugin hadari zuwa kukan tsuntsu. Daga sama zuwa ƙasa kuma ƙarfin da sauti zai kai kafin mutum ya ji shi, ana auna shi da desibel. Hirar yau da kullum kamar desibel 60 ce. Kunnenta na dama ya wuce 100, babu abin kamawa. Na hagu ma layin gangarawa ya yi, sai dai a lungun hagu na takardar, wajen sauti mai kauri, ya ɗan tsaya sama. Ya ɗora biro a wurin ya ce, "Hajiya, nan ne ɗan abin da ya rage mata. Sarewa ba za ta same ta ba, muryar yara ma haka. Ganga kuwa za ta same ta." Ya ƙara da cewa fata ma tana ɗaukar girgizar sauti mai kauri, musamman tafin hannu da yatsu, amma da sauti ya sirance sai ta daina. Na ninke takardar, maganar lungun hagu ta zauna mini.

Na kai wa darakta, ya buga hatimi ya sa a fayil, ya ce madam ta yi abin da ya dace. Abin da ya dace ɗin ne ba wanda ya sani a cikinmu.

Wanda ya buɗe mana ido wani kafinta ne kurma, dattijo, yana cikin ƙungiyar kurame ta ƙasa, tun a tsohuwar makarantarta muka san shi. Na same shi a shagonsa na kwashe labari da guntun hannuna. Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce su da suna yara da ganga ake kiransu shiga aji, wa ya ce kurma bai san kiɗa ba? Shi ne ya ba ni labarin Andrew Foster, baƙar fatan Amurka kurma da ya buɗe makarantar kurame a Akara ta Gana a 1957, ya bi ƙasashen Afirka yana buɗe wasu har ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Ya ce shi ya sa hannun da ake koyarwa a makarantunmu ya ɗauko asali daga na Amurka, ya bambanta da maganar hannun da kuramen Kano suka gada a tsakaninsu. Ya kuma ce Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma a ciki akwai karatu, akwai shiga harkar al'adu. Na ce to, Baba, yarjejeniya ba za ta shiga aji ranar Alhamis ba. Ya ce gaskiya ne. Sannan ya yi mini tambayar da ta ba ni kunya: ke kin tambayi yarinyar me take ji?

Ban tambaya ba. Ni da madam da darakta da likita mun yi sati uku muna zancenta a kanta.

Muka shiga gwaji, madam ta ba mu ranar Asabar biyu daga lokacinta, Allah ya saka mata. Na farko lasifika ce. Ƙanena ya aro wata babba, muka sa mata taken ƙasa daga salula, yarinyar ta ɗora tafin hannu a jikinta. Ta ce tana jin wani abu kamar tafasar tukunya, amma ba kai ba gindi. Ga shi wuta ba tabbas, cajin ya mutu kafin a je ko'ina. Muka bar wannan. Na biyu balan-balan, wadda ƙanen nawa ya gani a intanet ana ba kurame su rungume a wajen kiɗa. Tana aiki kam, fatarta na rawa da kowace murya, amma ku kawo balan-balan ɗaya cikin yara 70 ku ga abin da zai faru. Ba ta kai tashi ba aka fasa ta.

Abin da ya zauna shi ne bido, irin rawayar nan ta mai da ake ɗibar ruwa da ita. In babu komai a ciki, yarinyar ta ɗora ta a cinya ta dafa da hannu biyu, yara suka ɗauki waƙa gaba ɗaya, sai bidon ta kama kaɗawa. Ta nan ta fara gane inda ake farawa, inda ake jan numfashi, inda ake ɗaga murya. Ita da kanta ta gano cewa daɓen siminti ba ya kawo mata komai, amma bencin katako yana kawowa, don haka in wani ya buga benci a can gefe tana jin sa a nan. Ita ce kuma ta ce a bar ta ta cire na'urar ƙara ji da ke kunnenta lokacin waƙa. Mu muna ganin na'urar ce gatanta, mun sha wuyar neman batirinta a watannin da iyaka ke rufe. Ta ce a ƙarƙashin rufin kwano, da muryoyi 70, na'urar ba ta kawo mata komai sai ƙara mai sa ciwon kai. Madam ta yi jim, ta ce, "Ashe duk wannan lokaci azaba nake ba ta in na ce ta ƙara murɗa shi."

Ƙanena ya nuna mana bidiyon wata Baturiyar Sikotilan, Evelyn Glennie, wadda ta kurumce tun tana da shekara 12 kuma ta zama shahararriyar makaɗiya a duniya, har ta yi kiɗa a bikin buɗe wasannin Olamfik na Landan a 2012. Ba takalmi take hawa dandali, don ta ji kiɗan ta ƙafa. Ni abin ya burge ni. Yarinyar ta kalla kaɗan ta miƙa masa salularsa, ta ce wannan ai dandalin katako gare ta.

Sauraro ya samu, saura ita ma ta yi wani abu, kada ta zama mai riƙon bido kawai. A nan rigimar gida ta taso. Akwai wani tsoho mai kalangu da ke yi wa mahautan kasuwarmu kiɗa. Wata rana muna wucewa na roƙe shi, ya rataya mata kalangun a hammata, ya nuna mata yadda ake matse tsirkiya. Ta buga, ta matse, ta saki, sai na ga idonta ya buɗe. Kalangu a jikin haƙarƙari yake kwana, in an matse shi fatar ta ɗaure girgizar ta sirance, in an saki ta yi kauri, duk tana jin wannan a ƙirjinta. Karo na farko ke nan da ta gane abin da ake nufi da murya ta hau, murya ta sauka. Ta yi ta yi har tsohon ya ce, "Ƴar nan, ki bar mini na cin abinci."

Da dare na gaya wa maigida. Ya ajiye cokali ya ce a gidansu ba a roƙo, ɗiyarsa ba za ta rataya kalangu ba, ga kurumta ga kiɗa, wa zai aure ta. Na san ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne, shi ma yarinyar ce ke hana shi barci. Amma na ji zafi. Uwarsa tana kan tabarma tana jan carbi, ba ta ce uffan ba sai da ya gama. Sannan ta ce, "Kalangu na maroƙa ne, na yarda. Ƙwarya fa? Ni da na haife ka na kaɗa ƙwarya a bikin ƴan uwana har hannuna ya kumbura. Maroƙiya ce ni?" Ya ce, "A'a, Inna." Ta ce, "Kuma kai ba ka zama gida da rana. Yarinyar nan in muna daka ita ke shiga ta uku a lugude, ba ta taɓa karo da taɓaryar kowa ba. Wa ya koya mata?"

Wannan magana ta tsaya mini a wuya, don ni ina gida da rana. Shekara nawa ina kallonta tana lugude da ƴan matan gidan, tana jefa taɓarya sama ta tafa ta cafe, ban taɓa kiran abin kiɗa ba. Har yau ina jin takaicin kalangun, ina ganin an rage mata wani abu. Amma ƙwarya aka yarda da ita, ƙwarya muka ɗauka.

Kakar ce ta nuna mana irin ta masu amada: a cika babbar roba da ruwa, a kifa ƙwarya a kai, a buga. Sautin da ke fita mai kauri ne, dum, dum, kamar daga cikin ƙasa. Yarinyar ta buga sau ɗaya ta nuna kunnenta na hagu. Lungun takardar likita ke nan. Sai dai ɗaukar robar ruwa zuwa aji duk Alhamis ba mai yiwuwa ba ne, don haka a lakwal ƙwarya ce kife a kan tsumma bisa benci, ta ruwan kuma tana gida.

Daga nan na nemi a rubuta abin da muka daidaita, don na san halin baki. Madam ta rubuta da faransanci a shafi ɗaya, darakta ya sa hannu. Ba wani abu mai tsada a ciki. Za ta zauna gaba daga gefe, inda take ganin madam da rabin aji. Madam ba za ta tsaya a bakin ƙofa ko gaban taga ba, don in haske na bayanta fuskarta duhu take zama. Za a rubuta baitocin a allo kwana biyu kafin a fara, ta kwafe, mu bi ma'anarsu a gida. Kafin a ɗauki waƙa madam za ta ƙirga huɗu da jan ƙyalle a hannu, ba da baki ba. Makinta kuma zai fito daga riƙe kiɗa, da shiga da fita a kan lokaci, da kawo baitocin da hannu.

Kawo baitocin da hannu ya ci mana dare da yawa gaban fitilar salula. Taken ya ambaci kogi, wannan mai sauƙi ne, duk ɗan Yamai ya san shi. Ya ambaci hamadar Tenere, ita kuwa ba ta taɓa wuce Doso ba. Muka koma wajen kafinta. Ya shimfiɗa tafin hannu ya share iska a hankali har iyakar tsawon hannunsa, ya kumbura kumatu ya hura, ya kare ido yana hangen nesa. Ya ce kada ta bi kalma da kalma kamar mai ƙirgar kuɗi, in murya ta ja, hannu ma ya ja, in an ɗaga murya alamar ta yi faɗi. Da na ga ya yi baitin farko gaba ɗaya, tsigar jikina ta tashi, ni da ban gama haddace faransancin ba.

Wani abin da ban zata ba, sauran yaran suka kama kwaikwayo. Da farko da tsokana, har madam ta zane biyu. Daga baya ta lura waɗanda ke bin hannun sun fi saurin riƙe baitocin, tunda yawancinsu Zabarmanci da Hausa suke ji a gida, faransancin haddar aku suke yi masa. Sai ta sa duk aji su koyi alamun baitin farko. Ta ce mini tana dariya, "Hajiya, gani ya kori ji."

Ranar wata Litinin cikin Disamba aka ba ajinsu jagorancin ɗaga tuta. Na laɓe bayan katanga da sanyin safiya, don ta hana ni shiga. Aka ɗora ƙwaryar a kan teburi gaban layuka. Madam ta ɗaga jan ƙyalle, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ƙwarya ta shiga tare da muryoyi. A tsakiya ta ɗan yi gaba da su, ta ɗago kai ta dubi ƙyallen, ta koma daidai. Ba wanda ya tafa, ba a tafi a ɗaga tuta. Aka juya aka shiga aji. A jarrabawar ƙarshen zangon ta samu 7 bisa 10, madam ta ce ta rage mata uku ne don tana gaggawa in ta ji daɗi, kuma gaskiya ne, a lugude ma haka take.

Da aka shiga CM2 wani mushe ya karɓe su, bai iya hannu ba ko na gaisuwa. Na ciro shafin nan daga jakata, ya riga ya yi laushi wajen ninki, muka sake zama daga farko. Ya karanta, ya ce zai gwada, jan ƙyallen dai ya ce shi ba zai riƙe ba, sai ya ɗauki rula. A sati na biyu ta dawo ranar Alhamis tana huci, ta ce in je in gaya wa mushe yaran bencin baya ba waƙa suke ba, baki kawai suke motsawa, kuma ko motsin ma a makare suke yi. Na ce ke ya aka yi kika sani? Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta, ta nuna idonta, ta wuce ta ɗauki tulu.